Kwali a Jikin Shuri

Ranar da na zare ta daga leda,
maiƙo na sheƙi, gindinta na ƙamshin sabon katako,
takardar izini a ninke cikin aljihuna,
na ɗauka aiki ya ƙare.

Saja Nomau ko kallonta bai yi ba.
Kwalin taliya ya yage,
ya zana ido da gawayi, faɗin bakin kofin shayi,
ya kafe a jikin shuri can bayan fadamar Wurno,
inda albasa ke ƙarewa tudu ya soma.
Ya zaga baya, ya kori awaki biyu,
ya ƙirgo taku hamsin da ƙafarsa mai ɗingishi.

Na farko ya ta da ƙasa a gabas.
Na biyu ya aske kan shurin.
Na uku, Allah kaɗai ya san makwancinsa.
Balbelu suka watse.
Kwali ko gezau.

Na ce, Saja, karkatacciya aka sayar mini.

Ya karɓa, ya kwanta rub da ciki
kamar mai shan ruwa a bakin Rima.
Sau uku ta yi magana.
Rami uku, babban yatsa ya rufe su duka.

Ya juya baya, na ji ƙarfe na motsi,
ya miƙo mini. "Ungo, halba."
Na manna kunci, na ja kunama.
Ƙyas.
Ba wuta, ba ƙara, ba hayaƙi,
amma hancinta ya duƙa ƙasa
kamar jaki ya hango dusa,
idona a rufe gam,
kafaɗata ta riga ta kai gida.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Babu komi cikinta, yaro.
Tun ba ta yi magana ba kab ba ta amsa.
Ba ita ta ba, kai na."

Kwana goma sha biyu ban ƙona harsashi ba.
Bayan la'asar, a kan buhun yashi,
yakan ɗora murfin lemo a hancinta,
in ja, ya faɗo, in ɗauka.
In ja, ya faɗo.
Gwiwar hannuna ta yi kanta,
yaran lambu suka sa mini suna Mai Halbin Iska.

"Sake lumfashi rabi, riƙe saura.
Kak ka fizge ta.
Ja awa mai fidda ƙaya
ga ƙafar ɗan da ya yi kwana.
Bar kallon kwali, kwali ba ya gudu,
dubi ɗan tsinken da ag gabanka."

Ranar da murfi ya zauna
ban ma lura ba, shi ya gaya mini.

Jiya ya ba ni uku, ya ce su ke nan.
Kowanne ya fita kamar atishawa,
ban san lokacinsa ba.
Muka buɗe ta, muka ga cikinta fayau,
sannan muka taka.

Rami uku kusa da juna, tafin hannu ya rufe,
amma duk a hagu, ko ɗaya bai taɓa gawayi ba.
Na sunkuyar da kai.

Saja ya laluba aljihu, ya zaro 'yar wuƙa,
ya sa bakinta a kusar saiti.
"Wanga kam laifinta na," in ji shi,
ya murɗa kaɗan,
ya ce gobe in zo da sabon kwali.