Kwalin Firji

Firjin na bashi ne, wata goma sha takwas zan yi ina biya,
kwalin kuwa kyauta aka ba mu.
Ƙarti biyu suka hau da shi matakala ɗari da tara,
suna tsine wa wanda ya fara gini a kan tudun Valparaíso.
Suka sauke, suka sha ruwa, suka tafi.
Ina shafa farin ƙarfen ina lissafi a zuci,
na waiwaya, babu 'ya'yana,
sai kwali a tsakar ɗaki yana ƙyalƙyala dariya.

Maite ta ce jirgin ruwa ne.
Amaro ya ce gidan kare ne,
alhali ba mu da kare,
mai gidan haya ya hana.
Aka yi kuka, aka ja gashi,
aka daidaita a kan jirgi mai ɗakin kare daga baya.

Watan Yuli ne, sanyi na kutsowa ta ƙasan ƙofa,
kwana huɗu ruwa bai ɗauke ba.
Almakashin ɗinkina ya dakushe a taga ta uku.
Gam ya ƙare, na dama fulawa a wuta
yadda kakata Eulalia ta koya mini,
ana juyawa har sai cokali ya tsaya da kansa.
Marafan kwalba suka zama maɓallan inji,
kwalin ƙwai kujerun fasinja.
Murfin tukunyata aka yi sitiyari da shi,
mako guda ina dafa wake a buɗe.
Inda kamfani ya rubuta nan ne sama
Maite ta kife shi ƙasa,
ta ce ai teku bai iya karatu ba.

Ba inda ba su je ba.
Sun je ƙasar ƙanƙara da safa a hannu,
sun dawo kafin miya ta huce.
Ranar Lahadi suka ɗauke ni fasinja,
kuɗin tikiti ɓawon lemo biyu.
Na naɗe kamar tabarma na shiga, gwiwa a haɓa,
ciki na warin takarda da ƙafar yara.
Ta tagar da na yanka a karkace
na ga ɗakina yadda su suke ganinsa:
ƙasan tebur da cingam uku a manne,
ƙafar kujera da na ɗaure da waya,
da rasit ɗin firji da na kwana shida ina nema.

Sai rufi ya yi yoyo daidai kan ɗakin kare.
Jirgi ya yi laushi, ya durƙusa,
selotef ya yi iya yinsa ya saki.

Alhamis Don Evaristo yake zuwa
da kekensa mai ƙafa uku,
shekara talatin yana tsince kwalayen unguwa,
a kilo yake sayarwa.
Ya dubi jirgin, ya dube ni,
mu biyu mun san jiƙaƙƙen kwali ba ya kuɗi.
Ya cire hula ya ce, wa ke tuƙi a nan?
Maite ta matso.
Ya ce, ranki ya daɗe, a ba ni izini in kai shi gyara.
Ta yi shiru, ta ɓalle murfin tukunya ta miƙo mini,
ta ce, a kula da karen.

Bai taka shi ba.
Ya ɗora shi yadda yake a saman kaya,
ya gangara a hankali, tuta na kaɗawa.
Yara suka ɗaga hannu har suka gaji, suka shige.
Ni na tsaya a taga.
Bayan kwana, wajen shagon burodi,
na ga ya sauke shi, ya waiga sau ɗaya,
ya hau da ƙafa biyu.
Abinci ne, ban ga laifinsa ba,
kuma ban faɗa wa kowa ba.

Da dare na rufe tukunyata.
Amaro na zaune yana auna ɗaki da ido,
bakinsa cike da wake,
ya ce, Mama,
yaushe za mu sayi injin wanki?