Awon Ɗaki

Anti Dede ta aiko jikanta da takarda:
saura wata biyu.
Kuɗin shekara biyu take so a dunƙule,
ta kuma ɗora wani abu a kai
don ta shafa wa ƙofar gida shuɗin fenti.

Na zauna a bakin gado,
wanda shi ne kujera, shi ne falo,
shi ne teburin da Sahada ke aikin makaranta.
Na zare tef daga wuyana.
Ni da na auna kafaɗun rabin mutanen Nima
ban taɓa auna ɗakina ba.
Ƙafa goma sha ɗaya, da tara.
Na raba kuɗin bisa kowane taku,
sai na ga tayil ɗin nan guda, mai tsaguwa,
ya fi ni ci a wata.

Da dare Mutala ya kira daga Kumasi.
Ya ce, “Yaya, taurin kai ke cin ka.
Abin da kake zuba wa matar nan,
a Aboabo ɗaki biyu ne da baranda,
da mangwaron da ba na kowa ba,
ga rijiya a tsakar gida, ba jiran tankar ruwa.
Doya uku a Kejetiya
kuɗin guda ɗaya ce a wajenku.”

Ban musa ba.
Na san asubar Kumasi mai ƙanshin jiƙaƙƙen ganye,
na san mutum zai idar da la'asar
ya isa gida rana ba ta faɗi ba.
Nan kuwa tsufa ke cim maka cikin tiro-tiro,
gwiwarka a bayan wani, gwiwar wani a bayanka,
daga Sakul zuwa gida kamar tafiyar fatake.
Sai dai bai ce rafin Aboabo ma na shiga ɗakuna ba,
bai faɗi nawa ake neman rumfa a sabuwar kasuwa ba.
Mai tallan gari ba ya ambaton sauronsa.

To, wa zai kawo mini leshi a can?
Matan Legon da ba sa taya ɗinki,
su ce Juma'a, su turo direba.
Zuwera fa, da tukunyar wakenta a mahaɗar Mamobi,
shekara tara tana tara bakunan da suka san hannunta,
a wace mota ake loda wannan?
Inna tana kwance a Awudome.
Ran Lahadi mukan gangara bakin teku,
iska ta cika mana riguna,
ita kaɗai ce a Akra ba a biya mata haya.

Na ja layi a bayan takardar Anti Dede,
dama Kumasi, hagu nan.
Dama ta cika da fili da barci da arahar doya.
Hagu kalma biyu ce: aiki, sabo.
Amma da na ɗaga takardar
ɓangaren hagu ya rinjayi hannuna.

Har zan kashe wayar sai Mutala ya yi gyaran murya.
“Af, Yaya. Basiru ya gama karatu,
shekara guda ke nan yana zaune gindin mangwaron nan.
An ce ana ɗaukar yara a Tema.
Ko akwai ɗan wuri a ƙasa wajenku,
na tabarma kawai?”

Na dubi Zuwera. Ta dubi keken ɗinki.
Na durƙusa da tef ɗina
tsakanin akwati da ƙafar gado.
Ƙafa biyar da rabi.

Na ce, “Yaron nan, nawa ne tsawonsa?”