Gurbi Ɗaya

Kwana shida ina hawa da ƙafa,
numfashi na tsinkewa kamar tsohon zare,
takardun ƙidaya a jaka,
biro uku, biyu sun daskare.

Gida na sha bakwai, gidan Yangzom.
Ta zuba mini shayi mai gishiri da man shanu,
ta ƙara tun ban kai rabi ba.
Na ce, Inna, ku nawa ne a gidan nan?
Ta ce, takwas.
Na waiga. Ga murhu, ga kyanwa, ga ita,
ga wani tsoho yana kaɗin ulu a bakin taga.

Sai ta jawo carbi.
Furbu na makarantar kwana a Katmandu,
ya tafi bai kai tsayin turmin nan ba,
yanzu in ya kira waya
lalube yake yi a cikin yarenmu.
Diki ta aske kai, tana gidan ibada.
Ngodub na wanke kwanuka a wata ƙasa
inda rana ke fitowa in tamu ta faɗi,
ya tafi da matarsa.
Biyu sanyi ya ɗauke suna goye.
Amma ai na haife su. Rubuta.

Na ce, takardar wanda ya kwana jiya take nema.
Ta ce, to cire ni,
jiya ban runtsa ba.

Sunan miji?
Ta ce, wanne?
Wa da ƙane suka aure ni, rana guda,
don kada a tsaga gonar sha'ir.
A tudun nan in ka raba gona biyu
kowa dutse zai ci.

Na dubi takarda. Gurbi ɗaya ne,
ɗan ƙarami, kamar ƙwayar wake.
Tsohon bai ɗago daga mazarinsa ba.
Ya ce, sa yayana, ko da ya rasu,
shi ya fara zuwa duniya.
Ni ka rubuta ni a gefe,
na san wurin.

Da dare na haɗa lissafin ƙauyen
a hasken fitilar man shanu.
A bakin iyaye, ɗari biyu da sha ɗaya.
A kan shimfiɗa, tamanin da uku.
Makaranta da yara huɗu da malami mai tari.

Da asuba ta tare ni a bakin gada
da ƙunshin garin sha'ir da busasshen cuku.
Ka kai wa Furbu.
Ka ce dusar ƙanƙara ta makara bana,
saniyarsa ta haihu, mace,
kuma kada ya ce komai ya ishe shi
in bai ishe shi ba.

A takarda na sa biyu.
Ƙunshin na ɗora a kan takardun,
man ya ɗiga, ya ɓata lambar.