Tsinken Goggo Thuyen

Asuba a Can Tho, kasuwa tana iyo a kan ruwa,
kwale-kwale na gugar juna, inji na tari.
Shekarata goma sha huɗu, wuyana duk ƙaiƙayi.
Goggona Thuyen ke sayen shinkafa, ni ke riƙe igiya.

Tana da tsinken ƙarfe mai rami, tsawon kamu guda,
ta soka shi a buhu, ya fito da ƙwaya a cikinsa.
Ran da ta fara miƙo mini shi
na soki buhu uku a jirgin wani ɗan Soc Trang.
Fara tas, busasshiya, tana ƙara a haƙori.
Na ce, "Goggo, kayan nan duka masu kyau ne."

Ta ce, "Buhu nawa ke jirgin?"
Na ƙirga. Sittin da biyu.
"Nawa ka soka?" Uku.
"Wa ya zaɓa maka ukun?"
Na waiwaya. Mai jirgin na murmushi.
Shi ya jawo su gabana, da hannunsa.

Ta naɗe ƙafar wando, ta sauka can ƙasa
inda katako ke gumi, ruwa na lasar gindin kaya.
Ta soki na kusurwa, ta soki na tsakiya,
ta soki wanda ya laɓe bayan jarkar mai.
Goma sha biyu. Biyu na warin danshi.
Ta ce, "To, sake faɗa."
Na ce, "Yawancinsu masu kyau ne."
"Yawanci," ta maimaita, tana juya kalmar a baki.
"Ita ke ciyar da gidanmu.
Duka ce ta cinye jirgin kakanka."

Da ruwa ya cika kogi, na ce ai na san kayan Soc Trang.
Ta ce, "Na rani ka sani.
Wannan an shanya ta ƙarƙashin hadari. Ɗauko tsinke."

Wata rana wani daga saman kogi ya cuce mu,
ya cusa tsakuwa a ƙasan buhu huɗu.
Na tofar da yawu a ruwa:
"Mutanen sama duk ɓarayi ne."
Ba ta yi faɗa ba. Littafin bashi ta jefo mini,
wanda ruwa ya kumbura wa shafuka.
"Ƙirga mutanen sama." Talatin da ɗaya.
"Ƙirga masu tsakuwa." Ɗaya.
"Shi ya tsaya maka a rai don ya yi maka ciwo.
Talatin ɗin ba su bar tabo ba, sai ka manta da su."

Amma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.
Goggo ba ta saye a hannun mai haƙorin zinariya.
Da ta hango ƙyalli a baki, sai ta juya akalar jirgi.
Na tambaye ta dalili.
Ta ce wani ne, tun tana budurwa, ya gudu da kuɗin shekara.
Na ce, "Goggo, buhu nawa kika soka?"

Shiru. Sai ruwa na marin katako.
Har muka isa gida ba ta dube ni ba,
da dare kuma ta zuba mini kan kifi, ta ɗauke tsokar.

Bayan sati, muka tsaya gefen Phuoc,
wanda dariyarsa ke walƙiya tun daga nesa.
Buhu ashirin ta soka, ba goma sha biyu ba.
Ta saya.
Ta ƙirga canji sau uku a gabansa.

Yau tsinken yana hannuna, bakinsa ya cinye.
Har yanzu duka na riga ni zuwa harshe,
nakan cije ta, in sauka ƙasan jirgi,
inda duhu yake, inda gwiwa ke jiƙewa.