Ranar Gyaɗa a Ajin Ƙanana

Ruwa ya ɗauke, kaka ta sauka.
A makarantarmu ta bayan Fagge
na shimfiɗa tabarma a tsakar aji,
na ce kowa ya zube tsarabar gidansu.

Falmata ta kwance ƙulli, zoɓo ya watsu ja wur.
Ayomide ya shigo rungume da kabewa
wadda ta fi kansa girma,
sau biyu tana kuɓucewa, muna tarota a ƙarƙashin benci.
Julde ya kawo zangarniyar gero ɗaya tak,
wai aro kakarsa ta ba shi,
a mayar mata kafin la'asar.

Na ɗaga gyaɗa sama:
"Wannan fa, yaya sunanta a gidanku?"
"Epa!"
"Kolji!"
"Biriji!"
Nkechi ta jawo nasu sunan, dogo kamar layin mai,
numfashi ya ƙare mata a tsakiya,
ta haɗiye yawu, ta sake daga farko.

Sai Ɗanliti, autan aji,
ya tura baki, ya ce sunanta gyaɗa,
ya dumbuza ya cika kumatu
don kada a sake mata suna yana kallo.

Da aka tashi na ɗauki tsintsiya.
Ɓawon epa, ɓawon kolji, ɓawon biriji,
tsibi guda a bakin ƙofa;
na tsuguna, na kasa tantance na wane.

Ga zangarniyar Julde a kan taga, ya manta.
Na sa ta a jaka.
Yau sai na biya ta Kurna kafin la'asar.