Ƙarfe Mai Yafiya

A Khubar, a wani shago kusa da teku,
inda sanyin na'ura ke bin gwiwa,
Ukasha ya shimfiɗa mini koriyar tabarma,
ya ce, "Baba, buga uku.
Ban da gwaninta. Buga irin ta ranar Talata."

Na buga. Allo ya ƙyafta:
saba'in da ɗaya.
Na ce injin nan bai karya kumallo ba.
Na sake. Saba'in cif.
Ta ukun ban ko duba ba.

Ni da na koyi ƙwallon lambu a Zahran
tun babu lambun, sai yashi da baƙin mai,
ina saɓe da jakar wani injiniya mai ciwon baya,
ina riƙe masa guntun ciyawar roba
kamar mai bin liman da buzu.
Ranar da zai tafi ya bar mini sandunansa,
sirara kamar askar wanzami.
Shekara talatin da shida muna tare.
Wurin daɗinsu bai fi ƙwayar dabino ba:
ka same shi, ƙwallo ta tashi kamar shirwa,
ka kuskure da faɗin farce,
zafin ya taho ta tafin hannu har haƙori.
Na so su don haka.
Na ɗauka mutunci ke nan.

Yaron ya zaro wata mai kauri,
gindinta da faɗi, bayanta da kwarmi kamar cokali,
jikinta ba nauyi, sai ka ce karan dawa.
Ya ce, "Nauyin an raba shi gefe-gefe.
Ko ka buga da baki, ko da dunduniya,
za ta kai ka kusa da inda ka nufa.
Mai saurin hannu ya riƙe mai tsauri.
Kai hannunka yanzu yana son mai lanƙwasa,
wadda za ta jira ka."
Sannan ya faɗi sunan da 'yan kasuwa suka ba ta:
mai yafiya.

Na yi dariya. Ƙarfe kuma da yafiya?
Na ce wannan sandar ragwaye ce.
Ya ce, "To buga, ka zage ta daga baya."

Na buga, kuma na san na kuskure,
kafaɗa ta riga ƙugu, kamar kullum tun bara.
Na tsaya jiran zafin.
Bai zo ba.
Ƙwallo ta hau, ta ɗan karkata dama,
ta sauka inda mutum zai iya zuwa ya ɗauka
ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Riyal dubu biyu da ɗari huɗu.
Na taya, ya rage hamsin, ya ƙara safar hannu.

A hanyar Dammam, ga jaka biyu a bayan mota,
tsofaffin na ƙara, sababbin sun yi shiru,
sai na tuna Haladu, ƙanena,
da kuɗin kwantenar da ta nutse masa a lissafi.
Shekara tara ke nan ina amsa gaisuwarsa da kalma ɗaya.
Ya kuskure da faɗin farce,
na aika masa zafin har haƙori,
na ɗauka mutunci ke nan.

A jan wuta na laluba wayata.
Lambar tana nan, ban taɓa gogewa ba.
Wuta ta ba da hannu, na baya ya danna oda.
Na ajiye wayar a cinya, allonta a buɗe,
na tuƙa a hankali,
saba'in, ko saba'in da ɗaya.