Fenti Biyu, Ciyawa Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ina tura keken fenti
a filin makarantar nan ta yammacin Kansas,
inda iska ba ta san hutu ba,
warin mayanka kuma ke riga rana tashi.

Farin fenti na daren Juma'a ne.
Layi bayan layi, kowane yadi biyar,
kamar rabon gonar gado tsakanin 'yan'uwan da ba sa ga-maciji.
Wasan ma haka yake, rikicin ƙasa.
Samari cikin sulke da kwalkwali
su haɗa kai, su yi ƙus-ƙus, su duƙa,
sai karo, kamar an kifar da kwandon kwanuka.
Daƙiƙa shida. Usur.
A jawo sarƙa a auna abin da aka ƙwata,
wani sa'in bai kai tsawon takalmina ba,
amma gari ya miƙe tsaye, badujala ta ɓarke,
Lorene ta zubar mini da shayi a cinya.

Ɗana Royce ya ci yadi tara a waccan kusurwa,
har gobe zan iya dafa maka wurin.
Yadi na goma ya tafi da gwiwarsa.
Yanzu tayoyi yake sayarwa a Wichita,
ƙafarsa na sanar da shi hadari kafin rediyo.

Rawayan fenti daga baya ya zo,
shekarar da mayanka ta ƙaro ma'aikatan dare.
Eusebio, mutumin Guatemala,
mai yatsa huɗu a hannun dama,
ya tare ni da 'yar takarda:
da'ira a tsakiya, akwati nan, akwati can.
Na ce, ina sauran layukan?
Ya ce, shi ke nan.
Na ce, to da me za ku gane wanda ya ci ƙasa?
Ya yi dariya har sai da ya dafa keken.

Ran Lahadi na zo duba ɓarnar da za su yi mini.
Ba sulke, ba kwalkwali, ƙwauri a waje cikin sanyin Oktoba.
Ƙwallonsu ba ta da hanci irin tamu,
ba a rungumar ta, ba a ɓoye ta a hammata,
kowa ya taɓa sai ya sallame ta.
Na ga mutum ya kai bakin gida
ya juyo da ita baya, da gangan,
babu wanda ya zage shi!
Agogo na tafiya, ba mai ce masa dakata.
Warsame, dogon Basomale mai tsaron raga,
ya tashi sama kamar an fizge shi da igiya,
ya sauko da laka a gemu.
Awa ɗaya da rabi ana shuka, ba a girbi ko zangarniya ba.
Kunnen doki, babu da babu.
Suka baje a bayan motoci suna gasa masara,
suna ba juna labarin ƙwallon da ta kusa shiga.

Ni dai ciyawa na sani.
'Yan Juma'a tsakiya suke cinyewa,
su bar mini doguwar sanƙo daga wannan ƙarshe zuwa wancan.
'Yan Lahadi bakin raga suke ƙwaƙulewa,
rami biyu, daidai tsayuwar mutum ɗaya.
Litinin in zo da buhun iri da manjagara,
in bi sawu ina toshewa.
Inda fari ya haye rawaya
hannuna kan ɗan yi rawa, ban san dalili ba.

Jiya Royce ya bugo waya.
Ya ce, Baba, ina ka shiga da safe?
Na ce, fili.
Wa ya ci?
Babu.
To me ka zauna kallo har awa biyu?
Na ce, ciyawa.
Lorene na wanke kofuna, ba ta juyo ba,
amma na ga kafaɗunta suna motsi.